Fashin Baƙi: Karatun Sibil a Jami'a, da Inda Ake Zaɓen Fanni a Zahiri

Duk shekara idan JAMB ta fara sayar da fom, tambaya ɗaya ce ke zagaye gidajen Jos, daga Unguwar Rogo har Bukuru: wanda ya karanta sibil, me yake zama? Wani uban ya ɗauka magini ne mai digiri. Wani ya ɗauka mai zanen gida ne. Wani kuma kwangila kawai yake hangowa, ya ga ɗansa cikin farar Hilux da hular kwano. Tun ranar Juma'a 12 ga Yulin 2024, da ginin makarantar Saint Academy ya rufta a Busa Buji, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai, tambayar ta ƙara nauyi a garin, domin kowa ya koma cewa "ina injiniyoyi suke?" ba tare da an san wane injiniya ake nufi ba.

Su kuwa ɗaliban da suka riga suka shiga, tasu tambayar daban ce: wane fanni zan ɗauka? Da yawansu suna zaton akwai ranar da za a miƙo musu takarda su zaɓa. A mafi yawan jami'o'inmu babu wannan ranar. Digirin farko na sibil gama-gari ne, fanni kuwa yana zaɓar kansa ne a wurare uku da ɗalibi bai cika ɗauka da muhimmanci ba, kuma galibi sai ya wuce su yake ganewa.

Wane ne wane a wurin gini

A bakin jama'a, duk wanda ya tsaya a kan leburori yana nuni da hannu, injiniya ne. A doka ba haka abin yake ba. Mai zanen gini, wato akitek, shi ke tsara fasali: ina falo, ina ƙofa, ta ina iska da haske za su shiga. Injiniyan sibil shi ke lissafa abin da zai riƙe wannan fasalin kada ya faɗi: kaurin dakin, girman ginshiƙi, yawan rodi, zurfin fandisho da faɗinsa. Akwai mai digirin gini, wanda aikinsa tafiyar da ginin kansa. Akwai mai ƙididdigar kaya da kuɗi. Akwai safiyo mai auna fili da kafa iyaka. Kowannensu da hukumarsa: ARCON ta masu zane, CORBON ta magina, COREN ta injiniyoyi. Kwasa-kwasai ne daban-daban tun daga fom ɗin JAMB, saboda haka yaron da zane ke burge shi ya duba da kyau kafin ya cike sibil.

Sannan gini ɓangare ɗaya ne kawai na aikin. Titi, gada, kwalbati, dam, bututun ruwan famfo, lambatu, layin dogo da filin jirgin sama duk na sibil ne.

Ƙofar shiga da shekaru biyar

A jarrabawar JAMB ana rubuta Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. A WAEC ko NECO ana neman kiredit biyar da suka haɗa da waɗannan huɗun. Mai ƙaramar difloma mai kyau daga foli, kamar ta Barikin Ladi, yana iya shiga kai tsaye a aji biyu. Jami'ar Jos tana da sashen sibil, haka ATBU Bauci, ABU Zariya, BUK Kano da jami'ar fasaha ta Minna.

Abu ɗaya ya kamata uba ya bincika kafin ya biya ko sisi: shin NUC, hukumar kula da jami'o'i, da COREN duka biyun sun tantance kwas ɗin a wannan jami'ar? Amincewar ɗaya ba ta wadatar ba. A 2012 gwamnatin tarayya ta dakatar da wasu kwasa-kwasai a Jami'ar Abuja, har da injiniyanci, kan matsalar tantancewa. An daɗe da warware ta, amma ɗaliban wancan lokacin sun ɗanɗana kuɗarsu.

Aji ɗaya kimiyya ce zalla. A aji biyu duk masu injiniyanci suna zama tare: zanen injiniya, ƙarfin kayan aiki, ilimin motsin ruwa, ɗan lantarki da aikin bita. A nan ne ake zubar da maki mafi yawa, kuma darasin ƙarfin kayan aiki shi ne uwa ma ba da mama. Wanda ya haddace shi don ya ci jarrabawa kawai, zai biya bashin a aji huɗu da riba. Aji uku ne sibil na gaskiya ke farawa: nazarin ƙashin gini, ilimin ƙasa, lissafin ruwan sama da kwararsa, safiyo da kankare. Zangon farko na aji huɗu zane ne da lissafin kankare mai rodi da na hanya, zango na biyu kuma wata shida na SIWES, wato horon sanin makamar aiki, a wajen makaranta. Aji biyar na furojet ne da darussan zaɓi. Sabuwar manhajar CCMAS da NUC ta fito da ita a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ta ga dama, don haka darussan zaɓin Jos ba lallai su zo ɗaya da na Zariya ba.

Wurare ukun da fanni ke zaɓar kansa

Na farko SIWES. Hukumar ITF da ke kula da shirin, wadda aka kafa a 1971, hedikwatarta a nan Jos take, kan titin Miango, amma ba ita za ta nema wa ɗalibi wuri ba. Abin da ke faruwa shi ne ɗalibi ya kai takardarsa ma'aikatar da kawunsa yake, ya riƙa leƙawa sau biyu a mako, a cike masa littafi a buga hatimi. Wata shida sun tafi a banza, kuma su ne kaɗai wata shidan da zai yi kuskure a wurin aiki ba tare da an kore shi ba. Wanda ke son ƙashin gini ya nemi ofishin masu lissafin zane, ko da ba za a ba shi kuɗin mota ba. Mai son ƙasa ko hanya ya nemi ɗakin gwaje-gwajen kamfanin da ke aikin titi. Mai son ruwa ya nufi hukumar ruwa ta jiha ko Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna. A fara nema tun hutun aji uku, ba mako biyu kafin a fita ba.

Na biyu furojet da malamin da zai duba shi. Na uku aikin farko bayan bautar ƙasa, wanda sau da yawa daga wurin SIWES ɗin yake fitowa. Sunan fanni a kan takarda sai a digiri na biyu. Banda wasu wurare kamar ABU, inda injiniyancin ruwa da muhalli sashe ne mai zaman kansa da ake shiga tun daga JAMB.

Ƙashin gini: inda kowa ke rububi

Wannan ne fannin da ɗalibai suka fi so, don suna ganin da shi mutum zai iya cin gashin kansa da kwamfuta ɗaya. Aikinsa bin nauyi ne daga sama har ƙasa: dakin ya miƙa wa bim, bim ya miƙa wa ginshiƙi, ginshiƙi ya miƙa wa fandisho, fandisho ya miƙa wa ƙasa.

A ɗauki aji mai mita 7 da mita 8 a saman bene. Dakin mai kaurin milimita 150 yana da nauyin kusan kilo 360 a kowace murabba'in mita, wato tan 20 ke nan a kan 'yan ajin ƙasa tun kafin a shigar da benci ko ɗaya. A ƙa'idar Birtaniya da aka daɗe ana aiki da ita a nan, ɗakin kwana ana ƙiyasta masa ƙarin kilo 150 a murabba'in mita, aji kuwa kilo 300. Ke nan wanda ya mayar da gidan haya makaranta ya ninka wannan ƙarin nauyin da aka lissafa, ko da bai ƙara bulo ɗaya ba. Haka mai ɗora tankin lita 2,000 a kan dakin: tan biyu ya ɗora a wuri ɗaya. Mai shagon da ya sare ginshiƙin tsakiya don ya faɗaɗa shago ya fi su duka ganganci, domin idan tazarar bim ta ninka biyu, ƙarfin da ke lanƙwasa shi ninkawa huɗu yake yi.

Zane mai kyau kuma ba ya hana a ɓata shi a fili. Kwaɓin 1:2:4 yana nufin buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, ruwa kuma kada ya wuce jarka ɗaya mai lita 25. Leburori sun fi son kankare mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin zubawa, amma duk bokitin da aka ƙara, ƙarfi aka rage. Rodi mai kaurin milimita 12 da tsawon mita 12 ya kamata ya kai kusan kilo 10 da rabi. Idan wanda aka kawo milimita 11 ne aka kira shi 12, kashi 16 cikin ɗari na ƙarfen ya tafi, kuma ido ba zai gane ba sai an ɗora a sikeli. Ƙananan gutsattsarin kankare da ake sawa ƙarƙashin rodi, waɗanda 'yan aiki ke kira biskit, su ke ba rodin rufin milimita 20 zuwa 25 a dakin. In babu su, rodi ya kwanta a kan katako, damina biyu zuwa uku ya fara tsatsa yana fasa kankaren daga ciki. Barandar da ta fito waje ba ginshiƙi, rodinta a sama yake. Idan masu baro suka tattake shi ya koma ƙasa, ranar da aka cire katako ko ranar biki za a ji labari. Ana ba kankare ruwa aƙalla kwana bakwai, musamman da hunturun Jos mai busar da komai, a bar tokaran dakin mako biyu zuwa uku, a kuma zuba samfuri a ƙananan akwatuna masu milimita 150 a matse su a injin gwaji ranar kwana 7 da kwana 28.

Gargaɗi ga mai son wannan fanni: iya ProtaStructure ko STAAD.Pro ba shi ne iya aikin ba. Manhaja abin da ka ba ta za ta dafa maka. Wanda ba zai iya lissafa bim ɗaya da biro da takarda ya gane cewa amsar kwamfuta ta kauce ba, hatsari ne ga jama'a. Kuma a koyi ƙa'idojin lissafin kankare biyu: BS 8110 da har yanzu ofisoshinmu ke riƙe da ita duk da Birtaniya ta janye ta tun 2010, da Eurocode 2 da ta maye gurbinta.

Ƙasa: fannin da aka raina, wanda Jos ta fi buƙata

Kankare da rodi mutum ne ya yi su, ya san ƙarfinsu. Ƙasa kuwa yadda Allah ya ajiye ta za ka same ta, ko yadda masu haƙar kuza suka bar ta. Baƙo yana ganin duwatsun Jos sai ya ce ai nan ko'ina fandisho ne. Amma shekaru da dama na haƙar kuza sun bar kududdufai, tarin ƙasar da aka tono aka zubar, da ramukan loto da aka rufe bakinsu kawai, a yankunan Rayfield, Bukuru har Barikin Ladi. Fili yana iya zama shimfiɗe, ciyawa shar, alhali mita biyu a ƙasa cikon da ba a taɓa daddanna shi ba ne. Wata matsalar ita ce gini ya hau dutse da ƙafa ɗaya, ɗaya ƙafar a kan laka. Gefe ɗaya ya zauna, ɗayan ya tsaya, sai ka ga tsaga ta taso a karkace daga kusurwar taga. Mai gida ya kira birkila ya shafe da siminti, bayan damina ta dawo.

Injiniyan ƙasa shi ke hana wannan. Ga ƙaramin gini, ramukan gwaji na mita ɗaya da rabi zuwa uku suna nuna abubuwa da yawa. Ga bene sai an huda ƙasa, a riƙa sakin guduma mai kilo 63.5 daga tsayin milimita 760, ana ƙirga bugu nawa ya tura bututun milimita 300. Bugu huɗu labari ne, bugu arba'in wani labarin ne daban. A ɗakin gwaji a tankaɗe samfurin, a auna yadda yake shan ruwa, yadda yake kumbura da yadda yake motsewa. Daga nan ne ake sanin ko fandishon ƙafa-ƙafa ya isa, ko sai an shimfiɗa faifan kankare gaba ɗaya, ko sai an kafa turaku masu zurfi. Wanda aiki ya kai shi yankin Numan ko Dikwa zai haɗu da baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, wadda ke ɗaga gini da titi ta sauke.

Masu wannan fanni ba su da yawa, don ɗalibai suna ganin aikin taɓo ne, kuma kayan hudar ƙasa sun fi ƙarfin aljihun sabon ɗan makaranta. Amma babu gada, dam ko dogon bene da za a fara ba tare da rahotonsu ba. A ganina ɗalibin Jos da ya tsallake wannan fanni ba tare da ya ko leƙa ɗakin gwajin ba, ya bar kasuwa a ƙofar gidansu.

Hanya da ruwa: Ɗanjuma ne da Ɗanjummai

Mutane suna auna titi da baƙin kwaltar sama, alhali ita ce mafi siranta. Ƙarfin yana ƙasa, a shimfiɗun marmara da dutsen da aka niƙa, waɗanda ake zubawa kaurin milimita 150 a lokaci guda, a yayyafa ruwa daidai kima, a bi da rola, a gwada kafin a ɗora na gaba. Ƙa'idar Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya tana neman makin CBR, wato gwajin ƙarfin ɗaukar nauyi, ya kai 30 a shimfiɗar ƙasa, 80 a ta sama. Abu biyu ke kashe titi. Ɗaya lodin da ya wuce kima: idan nauyin da ke kan gatarin tirela ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa titi kusan sau 16 take ninkawa. Ɗayan ruwa. Shi ya sa ake ɗan tudunta tsakiyar titi, kimanin kashi biyu da rabi cikin ɗari, don ruwa ya gangara lambatu. Lambatun ya toshe da leda, ruwa ya kwanta, ya ratsa ƙarƙashin kwalta, rami ya buɗe. Tun 2023 ministan ayyuka David Umahi, wanda shi ma sibil ya karanta, yake tura manyan titunan tarayya zuwa kankare mai rodi, saboda haka mai son hanya yanzu ba zai guje wa ilimin kankare ba.

Injiniyan ruwa kuwa da tambaya biyu yake kwana: yaya za a kawo ruwan da ake so, yaya za a sallami wanda ba a so. Na farkon shi ne dam irin na Lamingo da na Shen, matatar da ake sa alif da kulorin, da lissafin bututu don ruwa ya hau unguwannin kan tudu. Na biyun Jos ta san shi tun ambaliyar Yulin 2012 da ta ci rayuka sama da 30 a Rikkos da kewaye, Maiduguri ta san shi da fashewar dam ɗin Alau a Satumbar 2024, mazauna rukunin gidajen Trademore a Lugbe ta Abuja ma sun san shi. Girman kwalbati ba da ido ake yanke shi ba: ana auna faɗin yankin da ke zubo masa ruwa, ƙarfin ruwan saman da ake sa ran gani sau ɗaya a shekara 10 ko 25, da irin saman ƙasar. Gonar da ta koma unguwa mai kwanon rufi da daɓen siminti tana turo ruwan da ya ninka na da, kwalbatin kuwa yana nan yadda aka gina shi. Ko tazarar mita 30 da ake so a bari tsakanin rijiya da sokawe, wadda filayenmu na ƙafa 50 da 100 ba sa bari a cika, aikin wannan fanni ne. Hukumomin gwamnati da ƙungiyoyin agaji su ne manyan masu ɗaukar ma'aikata a nan.

Akwai kuma fannin tafiyar da aiki: jadawali, kuɗi, kwangila da tsaron lafiyar ma'aikata. Yawancin injiniyoyi can suke ƙarewa bayan shekaru, amma wanda ya fara da shi tun bai iya karanta zanen rodi ba, birkiloli za su gane shi tun ranar farko.

A zaɓa da wuri, ko a jira?

Masu cewa a zaɓa tun aji uku suna da hujja: kamfani ba ya neman wanda ya san komai sama-sama, yana neman wanda za a ba manhajar Civil 3D ko HEC-RAS ya fitar da aiki. Masu cewa a jira su ma suna da tasu: a kasuwarmu ba kai ke zaɓen aikin farko ba. Wanda ya ƙware a lissafin bene yana iya samun kansa a ma'aikatar ayyuka ta ƙaramar hukuma, inda aikin shekarar kwalbati uku ne da rijiyar burtsatse.

Duka biyun gaskiya ne, sai dai sun manta cewa fannonin ba a jere suke ba, a sarƙe suke. Gada ɗaya tana buƙatar mai ruwa ya faɗi iyakar ambaliya, mai ƙasa ya faɗi zurfin turaku, mai ƙashin gini ya lissafa bim, mai hanya ya haɗa ta da titi. Abin da ya fi dacewa shi ne ɗalibi ya riƙe fanni ɗaya da ƙarfi, ya haɗa da maƙwabcinsa: ƙashin gini da ƙasa, ko hanya da ruwa, ko ƙasa da hanya. Ma'aunin kuma ba jita-jitar "wane ya fi kuɗi" ba ce. A duba darasin da mutum ke zama a kansa har dare ba don jarrabawa ba, a duba ko zai iya wata uku a sansanin aikin titi a daji. Ɗalibai mata da ake yawan tsoratarwa da cewa sibil aikin rana ne su sani lissafin zane, gwajin ƙasa da tsara bututun ruwa yawancinsu a ofis da ɗakin gwaji ake yin su.

Digiri ba hatimi ba ne

Ranar da ɗalibi ya karɓi digiri bai zama injiniya a idon doka ba. COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa mutum rajista bayan aƙalla shekara huɗu yana aiki ƙarƙashin masu rajista, ya rubuta rahoton ayyukan da ya yi, ya kare shi a gaban kwamiti. Sai a nan yake da lamba da hatimin da zai buga a zane. Mai babbar difloma ana yi masa rajista a matakin masanin fasaha, in yana son matakin injiniya sai ya ƙara da diflomar gaba da digiri da hukumar ta amince da ita. A 2023 COREN ta samu matsayin mamba ta wucin gadi a Yarjejeniyar Washinton, wadda cikakkun mambobinta, irin su Ingila, Amurka da Kanada, ke karɓar digirin injiniyancin juna.

Ga sabon mai digiri, jarabar farko ita ce wani ya ce "yi mini zanen rodi, akwai mai buga mana hatimi". Wanda ya buga hatimi a zanen da bai duba ba, shi doka za ta fara nema idan ginin ya faɗi, amma wanda ya zana ma ba zai sha ba. Ga mai gina bene ko mai neman makarantar da zai sa 'ya'yansa kuwa, takardu uku ne yake da haƙƙin ya nemi gani: rahoton gwajin ƙasa, zanen rodi mai ɗauke da suna da lambar COREN ta wanda ya lissafa, da amincewar hukumar tsara birni, wato JMDB a Jos ko sashen kula da gine-gine a Abuja. Idan zanen na bene hawa ɗaya ne amma ginin da ke tsaye hawa biyu ne, a tambayi wanda ya sake lissafa fandishon kafin a ɗora na biyun.